Kan Roba Ba Ya Cewa Wayyo: Nazarin Abin da Ya Faru a Wata Makarantar Gyaran Gashi a Kano

Makarantar tana wani lungu a bayan Zoo Road, gida ne mai ɗaki huɗu da aka mayar wurin koya wa mata sana'a. Ɗakin farko ɗinki, na biyu haɗa sabulu da man shafawa, na uku kwalliya da lalle, na ƙurya kuma gyaran gashi. Ba zan kama sunanta ba, domin abin da zan bayyana ba ita kaɗai ke da shi ba, kuma matar da ta kafa ta ta yi abin da ba kowa zai yi ba: da aka nuna mata inda ɗakinta ke yoyo, ba ta tsaya musu ba. Ni ajin sabulu nake koyarwa. Da yake kemistiri na karanta, sai aka ƙara mini darasi ɗaya a mako a ajin gashi, wai shi "kimiyyar gashi da fata". Gaskiya ban ɗauke shi a bakin komai ba. In shiga, in cika allo da rubutu, su kwafa, in fita. Saboda haka da hannuna a cikin laifin, kada mai karatu ya ɗauka alƙali ne ke magana.

Abin da ya faru

Wata ɗalibarmu, wata uku da yaye ta, ta kafa kujera da madubi a wani ɗaki a gidansu da ke Sheka. Yarinya ce mai hannu, mai ladabi, tana cikin waɗanda suka fi kowa maki. Aka kawo mata amarya ranar Talata, kamu ranar Alhamis. Amaryar ta zo da ƙananan kitso da ya yi mako biyar a kanta. Nan take aka tsefe, aka bi fatar kan da kibiya ana kankare amosani, aka wanke da sabulu, aka busar. Sai ɗalibar tamu ta buɗe rilaksa mai ƙarfi, irin wadda ake ce wa sufa, ta lafta tun daga tushe har baki, alhali rabin gashin ya riga ya sha rilaksa a watannin baya.

Ba a yi minti biyar ba amarya ta ce kanta na ci da wuta. Aka ba ta amsar da kowace mace a garin nan ta taɓa ji: "Daure, Anti, in bai yi zafi ba bai kama ba." Ta daure har lokacin da aka rubuta a jikin robar ya wuce. Aka ɗauraye da jarka guda, don ruwan na saye ne, aka wanke da shamfu na yau da kullum, ba wanda ke kashe ƙarfin sinadarin ba. Washegari da safe aka sa baƙin rini, da yamma aka yi mata shuku ƙanana, an ja shi har girarta ta ɗaga.

An yi kamu lafiya, hotuna sun yi kyau. Ranar Juma'a kan ya fara tsatsafar da ruwa, ruwan ya bushe ya manne gashi da fata. Kafin ta yi mako biyu a ɗakinta gashin yana biyo mataji damƙi-damƙi.

Gwaggon amaryar ba ta je gidan su yarinyar ba. Makaranta ta zo, domin ta ga takardar shaidarmu a rataye a bangon ɗakin, cikin gilashi. Aka gaisa, aka kawo mata ruwa ta ƙi sha.

"Hajiya, ni ba faɗa ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya ce. Yarinyar nan, abin da kuka koya mata ta yi, ko na kanta ta yi?"

Hajiya, mai makarantar, ta ba da haƙuri, ta ɗauki nauyin asibiti. Da baƙuwar ta fita sai ta juyo wajena. "Malama, ki bincika mini. In namu ne, ina so in sani."

Namu ne.

Abin da na tarar

Na fara da kiran yarinyar. Ta zo ido a kumbure, da littafinta na aji a hannu. Na ce ta nuna mini yadda aka koya mata sa rilaksa. Ta sauko da kan roba daga saman kabad, ta raba gashin gida huɗu, ta ɗebi man kitso a madadin sinadari, ta shafa daga tushe har baki, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Abin da ta yi wa amarya ke nan, ba ragi ba ƙari.

Kawunan nan a kasuwar Sabon Gari aka sayo su, 'yan ƙasar Sin ne, gashinsu sul-sul kamar jelar doki. A kansu ɗaliba ke koyon komai daga ranar farko har ranar yaye. To kan roba ba shi da sabon tsiro, balle a koya mata ta tsaya a kansa. Ba ya ƙanƙancewa in ya sha ruwa, ba ya cukurkuɗewa, ba shi da ƙurji, ba ya zufa. Kuma ba ya cewa wayyo. Yarinya za ta yi wata uku tana jan gashi iya ƙarfinta, ana yabon kitsonta ya fita, ba wanda ya taɓa ce mata ta sassauta hannu.

Sai na buɗe littafin. Yadda ake naɗa miƙaƙƙen gashi a rola, yadda ake yanka shi hawa-hawa, yadda ake sa masa lanƙwasa da zafi, duk an kwafo daga littattafan waje. Irin gashin da ke kan ɗalibar da ta yi rubutun, da na malamarta, da na duk wadda za ta zauna mata a kujera, shafi ɗaya da rabi ya samu, kuma abin da ke ciki bai wuce yadda za a miƙar da shi ba. Wani ɓangaren da bakina na yi musu shiftarsa.

A ƙasashen Turawa wannan ƙorafi tsoho ne. Baƙar mace takan shiga shago a Landan a ce mata ba mai iya kanta, domin makarantun can sun daɗe suna yaye mutanen da ba su taɓa riƙe murɗaɗɗen gashi ba. Sai a 2021 aka sabunta ƙa'idojin sana'ar a Birtaniya aka sa gashin 'yan Afirka cikin abin da ake koyarwa. A Amurka, jihar Luwiziyana ta sa shi a jarrabawar lasisi, jihar Niyok kuma ta yi doka a kai a 2023. Su dai suna da abin fakewa, ko da rarrauna ne, tunda masu irin gashin ba su ne mafi yawa a can ba. Mu fa, a tsakiyar Kano, da me za mu fake?

Abu na uku ba a rubuce yake ba, a bakin ɗalibai na ji shi. Ba wadda ta biya kuɗin makaranta don a kira ta mai kitso. Mai salun kowa ke son zama. A wurinsu mai kitso ita ce tsohuwar nan ta bayan layi, mai tabarma da kwalbar man shanu, wadda ake biya da canji. Duk abin da ya yi kama da aikinta, har da tsifa da taza, gani suke ba ilimi ba ne. Ga shi kuwa ilimin gashin namu can ya maƙale, a kan tabarmar.

Gashin kansa

Dole in tsaya a nan, don rashin sanin wannan ne ya haifi sauran. Silin miƙaƙƙen gashi, in aka yanka aka duba bakinsa a madubin likita, kusan zagaye yake. Namu kamar ƙwai yake da aka ɗan danne, kuma ramin da yake tsirowa a ciki lanƙwasasshe ne, shi ya sa yake fitowa a murɗe. Kowace murɗa wurin rauni ce, nan yake tsinkewa in mataji ya fizge shi. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa ba wuya a miƙaƙƙen gashi, a namu kuwa sai ya tsaya a tushe, baki ya zauna a bushe. Muna ce masa gashi mai tauri. Sunan nan ya cuce mu, domin duk wadda ta yarda abu mai tauri ne a hannunta za ta sa masa ƙarfi, alhali shi ne ya fi saurin karyewa.

Ga kuma garin da muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na tsotse danshin komai, ɗankwalin atamfa kuma ya shanye ɗan man da aka shafa. In bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, kai ya wuni cikin zufa a ƙarƙashin hula da hijabi. Ba littafin waje da zai koya wa ɗaliba wannan.

Ɗalibai sun san lambobin nan na TikTok da ake rarraba gashi da su, kowacce na cewa ita 4C ce, wato mai mafi ƙananan murɗa. Tushen wannan rabo Andre Walker ne, mai gyara wa Oprah Winfrey gashi, wanda a shekarun 1990 ya kasa gashi gida huɗu, daga miƙaƙƙe zuwa mai ƙananan murɗa. Ba laifi a san shi. Amma lamba ba ta gaya miki kaurin sili, ko yawan cikar kai, ko saurin shan ruwa, ko abin da aka zuba wa gashin wata biyu da suka wuce. Kano kuma gari ne da aka cakuɗa: Fulani, Shuwa, Buzaye, zuriyar Larabawan Tarabulus da suka zauna wajen Dandalin Turawa. Mai manyan lanƙwasa masu laushi za ta zauna miki da safe, mai ƙananan murɗa da rana, wata ma a kanta ita kaɗai ki tarar da na ƙeya daban, na tsakiya daban.

Sai rilaksa. Babban sinadarin wadda ta ƙona amarya sunansa sodiyam haidiroksaid. Ita ce dai sodar da nake koyar da haɗa sabulu da ita a ɗaki na biyu, inda ba na barin kowa ta matso sai da safar hannu. Tsakanin ajina da inda ake lafta ta da yatsu tsirara, taku goma ne. Wannan ya fi komai ba ni kunya. A ma'aunin pH, wanda ke auna tsami ko ƙarfin sodar abu, fatar kai da gashi suna wajen 4.5 zuwa 5.5, rilaksa kuwa tana kai 12 zuwa 14, kuma kowane mataki a ma'aunin ninki goma ne. Aikinta ta tsinka ƙullin da ke riƙe da murɗar gashi daga ciki, kuma abin da ta tsinka ba ya komawa yadda yake. Wadda ake ce wa marar soda, mai zuwa a kwali da 'yar kwalbar haɗi, ita ma ba ruwan sanyi ba ce. Ta fi sauƙi a fata, amma ta fi busar da gashi.

Da wannan a zuciya, aikin ranar Talatar nan kuskure ne kan kuskure. Kan da aka tsefe yau, aka sosa, aka wanke, fatarsa a buɗe take, ya kamata a bar shi ya huta kamar mako guda. Ba a shafa basilin a fata da bayan kunne ba. Sinadarin sabon tsiro kaɗai ya kamata ya taɓa, wanda bai fi santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata ba, shi ya sa ake jiran kamar mako takwas kafin a maimaita. Zafi ba alamar kamawa ba ce, alamar ƙuna ce, kuma da an ji shi sai ruwa. Ɗauraya tana son ruwa mai yawa, sannan shamfun da ke kashe sodar, wanda wasu irinsa kumfarsa ke yin ruwan hoda muddin da saura. Rini mai ƙarfi kuma sai bayan mako biyu. A kan duk wannan aka ɗora matsattsen kitso.

Akwai wani abu da na ƙara a darasin, ba don tsoratarwa ba. A Oktoban 2022 cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000. Masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, an ƙiyasta kusan 4 cikin 100 za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, waɗanda ba sa amfani da su kuwa ƙasa da 2 cikin 100. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke cewa kayan ne sanadi ba. Amma mai zuwa a yi mata sau huɗu a shekara take haɗuwa da sinadarin, mai yi mata kuwa kullum hannunta na ciki.

Zuwan Inna

Shawarar Hajiya ce, ba tawa ba. Akwai wata dattijuwa, ana ce mata Inna, a cikin gari, wajen Yakasai, da ta yi wa Hajiya kitson aurenta, har yanzu kuma tana yi. Aka roƙe ta ta riƙa zuwa ranar Alhamis. Aka kuma sanar a unguwa cewa duk Alhamis akwai wankin kai da kitso kyauta, ranar da yara ba su da makarantar allo. Aka rufe ƙofar ɗakin da labule biyu, aka hana ɗaukar hoto, don matan aure su saki jiki.

Ranar farko ɗalibai suka yi ta zumɓura baki. Inna ta ƙi kujera, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma. Ta dubi wata da ta ɗauko ƙaramin mataji za ta afka wa busasshen kan wata yarinya.

"Ke 'yar nan, ajiye. Da yatsa ake fara gaisawa da kai."

Mako uku ba ta bar kowa ta yi kitso ko ɗaya ba. Tsifa da taza kawai. Ta zo da karkashi a ƙulle a leda, ta jiƙa, ta tace, ta shafa yauƙin a gashin da ya dunƙule kamar soso, ta raba shi kashi-kashi, ta fara warwarewa daga baki tana hawa zuwa tushe, yatsu tukuna, sannan mataji mai manyan haƙora. Yarinyar da uwarta ta ce kullum sai an danne ta, barci ta yi a cinyar Inna. Abin da kamfanoni ke sayarwa a roba da sunan man laushi, babban aikinsa a wajen taza santsi ne, kuma ga shi a ganyen miya.

A nan ne nawa ilimin ya fara amfani, don ita ta san yadda ake yi, ni na san dalili. Inna ba ta yarda ruwan wanki ya taɓa kan da aka tsefe sai an taje shi sarai. Na bayyana wa ɗalibai: mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, in kai na kitse ba su da hanyar faɗuwa, sai su taru. Kitson mako huɗu zai iya tara sama da dubu biyu. In aka zuba ruwa da sabulu suna ciki, sai su naɗe da masu rai su zama dunƙulen da sai almakashi. Wannan lissafi kuma shi ke kwantar da hankalin macen da ta ga tulin gashi a mataji ta fara salati. Ta koya musu kitson zare, wanda ke miƙar da gashi a kwana biyu ba wuta ba sinadari, abin da ya dace da garin da wutar lantarki ba ta da alkawari. Ta nuna musu cewa gashin da ya jiƙe ya koma rabin tsawonsa ba gajere ba ne, kada a yi masa saisaye sai an miƙar da shi.

Amma Inna ma da nata. Hannunta na da ƙarfi, kitsonta kamar an ɗinka. Na lura da tsofaffin masu zuwa wurinta da suka biyo ta makarantar: gaban goshi ya ja baya, saman kunne ya yi fayau. Ita kanta haka goshinta yake. Likitocin fata sun san wannan sanƙo, na yawan jan gashi ne. Binciken da likita Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a Afirka ta Kudu ya same shi a kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan matan da aka duba, kuma ya fi tsanani in an ja gashin da ya sha rilaksa. Da farko yana warkewa in aka daina. In aka daɗe, ramin gashin ya mutu, to ko an shafa chebe da man kaɗe buhu guda ba abin da zai fito.

Na faɗa mata a keɓe, cikin ladabi iya iyawata. Ta saurare ni har na gama.

"Malama, ke albashi kike ci, ni da kai nake cin abinci. Kitson da bai kama ba, kwana uku ya tashi, matar ta zagaya unguwa ta ce Inna ta tsufa."

Gaskiyarta, kuma ba ni da amsar da za ta cika mata tukunya. Mun fi wata muna wannan ja-in-ja. Inda muka tsaya, ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ta yi ba. Ita ce dai ta nuna wa ɗalibai, kamar ba da ni take ba, cewa ƙarkon kitso daga tsaga mai kyau yake da kusantar yatsa da fata, ba daga fizga ba. Aka amince a riƙa barin ƙananan gashin gaban goshi, a yi tsagar bakin kai da ɗan faɗi, a riƙa sauya inda kitso ke fuskanta. Gwajin da muka ɗauka kuwa daga bakin wata ɗaliba ya fito: in an gama, a ce wa matar ta sunkuya kamar za ta yi sujada. In ta ji ƙeya ko goshi na tsagewa, a warware layin. Ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ko neman maganin ciwon kai a daren kitso, duk shaida ce a kan mai kitson.

Akwai abin da ya sa wannan ilimi ya fi zama dole a Kano. Mata da yawa a nan ba sa yarda a ƙara musu gashin doki, saboda hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Ke nan ba inda mai gyara za ta ɓoye ɓarna, da abin da Allah ya ba matar za ta yi aiki. Ga kuma wanka. A Risala, ba a ɗora wa mace warware kitsonta don wankan janaba ba, amma ana so ruwa ya ratsa. Kan matar aure yana jiƙewa a kai a kai, in kitson ƙanana ne matsattse kuma aka rufe shi da danshi, wari da ƙaiƙayi ne za su biyo. Ɗalibar da ba ta tambayi wannan ba, ta ba amarya shawarar irin kitson da ya dace da yadda za ta busar da shi, ba ta gama aikinta ba.

Alhamis ta kawo mana abin da ba mu shirya masa ba. Cikin yaran farko aka samu masu makero, fatar kai ta yi zagayen fari-fari, gashin wurin ya guntule. Mataji ɗaya ɗalibai ke yawo da shi daga kai zuwa kai. Dole aka sayo ƙari, aka ajiye bokitin ruwan bilic, aka kafa doka: kan da aka ga makero, ko ƙurji mai ruwa, ko sanƙon da ke faɗaɗa daga tsakiyar kai, ba a yi masa komai sai a tura shi wurin likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Makeron kai maganin sha yake so na makonni, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi.

Koyon cewa a'a

Sauyin da na fi tsayawa a kai bai ci ko sisi ba. Duk wadda ta zauna, sai an yi minti goma ba a ɗauki mataji ba. A buɗa gashin a duba fata a wurin haske, a ja sili ɗaya a ga ko yana miƙewa ya dawo ko tsinkewa yake, a yi tambaya: yaushe aka tsefe, yaushe rabon ki da rilaksa, kin sa rini ko lalle, kin sosa, akwai inda ke miki ciwo? In za a sa sinadari, a gwada a ɗan tsagi na ƙeya tukuna.

Tambayar ba ta yi wa ɗalibai wuya ba. Abin da ya gagare su shi ne abin da ke biyo ta. Yarinya 'yar shekara goma sha tara, an tarbiyyantar da ita kada ta musa wa babba, ga hajiya sa'ar uwarta ta zauna da kuɗi a hannu tana cewa yau take so. Sai muka mayar da shi darasi. Ni nake zama hajiyar, in ɗaure fuska, in ce biki jibi ne, in ce wancan shagon ba sa mini wannan iyayi. Ita kuma ta nemo yadda za ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kan nan bai huta ba. In na sa miki yau zan cuce ki. Bari in yi miki zare, jibi ki ga yadda zai kwanta." Wasu sai da suka yi sau biyar kafin muryarsu ta daina rawa. A jarrabawar yaye yanzu, cikin kawunan da ake kawowa akwai wanda amsarsa daidai ita ce a ƙi taɓa shi, kuma ba a gaya wa ɗaliba wanne ne.

Inda aka kwana

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ba duka ba. Rukunin da aka yaye bayan sauyin suna taje ɗanyen gashi ba kuka, kuma iyaye mata sun fara kawo musu yara saboda haka kawai. Biyu daga cikinsu ba sa ajiye rilaksa a shagonsu sam.

Sai dai lissafin kasuwa bai canja ba. Rilaksa minti arba'in ce an sallami mutum. Tsifa da taza da wanki da zare na cin rabin wuni, kuma mai zuwa ba ta yarda ta biya kuɗin taza, gani take ai ba a yi komai ba. Wata tsohuwar ɗaliba ta gaya mini ta ce a'a sau uku a makon Sallah, duka ukun suka tsallaka shagon gaba aka yi musu. Ban tambaye ta abin da ta yi da ta huɗu ba. Ruwa ma kuɗi ne, ranar Alhamis kaɗai kura biyu ake saye. Ɗaliba ɗaya ta bar makarantar, ta ce ba ta biya kuɗi don tsohuwa ta koya mata karkashi ba. Na nemi a mayar da zangon wata shida maimakon uku, Hajiya ta ce in aka ƙara kuɗi rabin ajin ba za su dawo ba, kuma na san ba ƙarya ta yi ba. Har yanzu maganar na nan a rataye.

Kawunan roba ba a zubar da su ba. Ana koyon tsaga da riƙon yatsu a kansu mako biyun farko, daga nan su koma saman kabad.

Yarinyar Sheka tana zuwa duk Alhamis, ba wanda ya ce ta zo, kuma Hajiya ba ta karɓi kuɗinta ba. Ita ce ke tace wa Inna karkashi. Amaryar kuwa an aske abin da ya rage, ya sake tsirowa baƙi ƙirin, murɗaɗɗe, ita kanta ta ce rabon da ta ga ainihin gashinta tun tana aji uku a sakandare. Saura wuri ɗaya a saman kunnen hagu, faɗin murfin kwalba, sumul yake. Likita ya ce ta dawo bayan wata uku a sake dubawa.